Dambun Maƙwabciya

Ranar da muka tare a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, shekarar da soja suka miƙa mulki, ko tabarma ba mu shimfiɗa ba maƙwabciyarmu ta aiko da dambun shinkafa. Ni na karɓo a zaure. Ƙamshin zogale da soyayyen mai ya kusa kayar da ni, sai da na yi loma uku kafin na shiga.

Inna ta leƙa kwanon kamar mai neman kunama.

"Matar da ko sunanmu ba ta sani ba? Kada wanda ya taɓa. A fara ba kyanwa."

Kyanwarmu ta shinshina, ta juya ta yi tafiyarta. Na bar wa ƙanena wasiyyar ƙwallona, sannan na fashe da kuka na tona asirin kaina.

Inna ba ta doke ni ba. Zaunar da ni ta yi a gabanta, tana gwale min ido har la'asar. Har yau na kasa gane tsoro ne a fuskarta ko yunwa.

Da aka kira salla ta dubi yayyena ta ce, "Bai mutu ba. Ku wanke hannu."