Wai Ƙanwarsa Ce

Suna fitowa daga zauren mai gidan hayar, Zaituna ta juyo ta dubi Musaddiƙ. Ɗinkinsa bai cika kuɗin shekara ba, shi ya sa ta zo da albashinta na koyarwa ta tsaya masa, tunda nan za ta tare in an ɗaura musu aure.

"Da Alhaji ya tambayi wace ce ni, me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunyar babba na ji."

"Wai ƙanwarka ce ni! Na ɗauki nauyinka ban ji kunya ba, kai bakinka ya kasa ɗaukar sunana?"

Ta gyara mayafi, idonta ya kaɗa. "Tsayawa kam na tsaya, ba na janye magana. Amma Yaya, nemo wadda za ta shiga gidan. Ba a auren ƙanwa."