Karen Gonar Gindin Dutse

To, tunda ka ce abokin aikin nan naka mugun hali gare shi kawai, wai haka Allah ya yi shi, gyara zama in ba ka labarin wani manomi da karensa.

Manomin nan gonarsa a gindin dutse take, ka kuwa san wanda duk ya yi noma a gindin dutse da birai yake tarayya. Shi ya sa ya samo ɗan kwikwiyo ja mai yawan gashin wuya, ya raɗa masa suna Barsu. Don ƙauna ya murɗa 'yar waya a wuyansa ya rataya masa ƙararrawa, wai ko ya shige cikin masara ya riƙa jin inda yake. Kare kuwa ya yi albarka. Damina biyu cur birai sai dai su zauna a kan dutse suna soshe-soshe, suna kallon masara tana goyo, suna haɗiyar yawu. Manomi ya cika rumbu, hankalinsa kwance. Ƙararrawar ma ta daɗe da faɗuwa a wani wuri, ba wanda ya ƙara tunawa da ita.

A damina ta uku sai kare ya rikiɗe. Karen da ke tarar maigidansa yana kaɗa wutsiya, yanzu da an matso sai gurnani da yage baki. Ya yaga zanen wata mai tallan nono, ya kashe akuyar mutane, rannan kuma ya kafa wa maƙwabcin gona haƙori a sha raɓa. Mai unguwa ya ce kwana bakwai ya bayar, ko a gyara kare ko a kashe shi. Ga masara ta fara nuna, ga birai sun yi sahu a kan dutse. In kare ya tafi, abincin shekara ya bi shi. Ban da haka ma, wallahi mutumin nan yana son karensa, ko da yake kunya ba ta barinsa ya faɗa a cikin mutane. Masu ba da shawara kuwa, ka san ba su ƙaranci. Wannan ya ce hauka ne, wancan ya ce ya lashi jini, wani ya ce duka ne maganinsa. Manomi ya gwada dukan da doguwar gora, sai abin ya ƙara gaba. Da ya ga haka, ya jefar da gorar, ya sami gindin marke ya zauna nesa kaɗan, ba ya komai sai kallo. Kwana biyu yana kallo. Ya ga kare yana ci yana sha, ashe ba hauka ba ne. Amma in zai sha ruwa ba ya sunkuyar da kai, sai ya durƙusa da ƙafafun gaba kamar raƙumi. In zai waiwaya, da dukkan jikinsa yake juyawa. Ga ƙudaje kuma, ba su bin ko'ina sai wuyansa.

Daga ranar ya shiga lallashi. Ya riƙa zuwa hannu sake, ya zauna a ƙasa, ya jefa ƙanzo da ɗan ƙashi, gobe ya matsa taki ɗaya, ba tsawa, ba zare ido. Ranar kwana na shida kare ya ci abinci a gaban gwiwarsa. Sai ya aro filaya wurin mai gyaran keke, ya je ya roƙi maƙwabcin nan da aka ciza, yana ɗingishi yana mita, ya zo ya taya shi. Suka lulluɓe kare da buhu, suka ɗaure bakinsa da tsumma, manomi ya sa yatsa ya buɗe gashin wuya. Subhanallahi! Waya ce ta nutse cikin nama, ta zagaye wuyan, fata ta nemi rufe ta, wurin sai ruwa yake yi. Kare ya girma, waya ba ta girma ba. Mu kuwa ka san halinmu, kare sai dai a jefa masa daga nesa, a kore shi da sanda. Shekara biyu da rabi hannun mutum bai taɓa wuyan nan ba. Manomi ya dubi murɗin wayar ya gane aikin hannunsa ne, kunya da tausayi suka rufe shi, idonsa ya kawo ruwa. Maƙwabci ya daina mita, ya ce, "Haba, maƙwabci! Ni da wannan ne a wuyana, ai da na ciji mai unguwa da kansa."

Suka datse waya, suka wanke miki da ruwan gishiri mai ɗumi, suka shafa man kaɗanya. Manomi ya kai wa mai unguwa guntun wayar a tafin hannu, mai unguwa ya juya ta, ya ce a bar kare. Kafin a karya masara Barsu ya koma bakin aikinsa, birai suka koma soshe-soshensu, mai nono ta dawo hanyarta har tana zuba masa tsala a sakaina. Manomi kuwa duk ranar Juma'a sai ya zauna ya laluba wuyan karensa da kunnuwansa, sannan ya je ya wanke hannu. Masu dariya suna yi, shi ko a jikinsa.

Saboda haka kafin ka ɗauki gora, zauna ka duba inda ƙudaje suke bi, ka kuma duba ko murɗin hannunka ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ruwa ba ya tsami banza.