Baƙon Kongolam

"Sa abin ji a kunne," Mansur ya ce wa mutumin da ke kan layi. "In ba haka ba, muryata za ta shiga cikin taka."

Tun da ya dawo Daura daga Legas yake haɗa shirin hira da ake saurare ta waya. Maganar ɗaya ce kullum: yayansa Kabiru, da aka tare a hanyar Mai'adua ranar da ya sayar da shanu, har yau shiru. Kawu Sha'aban, wanda ya koma ɗakin Kabiru don ya riƙa kula da gida, ya sha ce masa ya bar tone-tonen nan.

Yau da hantsi wani ya kira. Ya ce daga hayin Kongolam, can bakin iyaka, yake magana, kuma da shi aka tare Kabiru. Muryarsa a danne, kamar ya naɗe baki da rawani.

Layin sai yankewa yake. Mansur ya koya masa abin da yake koya wa kowane baƙo: ya shiga ɗaki mai katifa da labule, ya rufe ƙofa, ya naɗi muryarsa da wata wayar, ya turo daga baya.

"Zan tafa, kai ma ka tafa. Da shi zan daidaita muryoyin biyu."

Suka tafa.

"Daga cikin garinku ake gaya mana wanda ya sayar da shanu," in ji mutumin. "Ka rufe shirin nan, yaro. Mun san inda kake kwana. Zan turo, ka saurara da kyau."

Ya kuwa turo. Bayan azahar Mansur ya jera muryoyin biyu a kwamfuta. Ta baƙon ta fita tas, ba iska, ba rugugin baburan bakin iyaka.

Sai ya lura da wani ɗan tsini a zanen muryar baƙon, gab da tafin mutumin. Ya ƙara sauti. Tafi ne, a dishe. Na Mansur ɗin ne kansa. Ya zaci abin jin ne ya yi yoyo, amma abin da ya bi ta waya kan makara, wannan kuwa bai makara ba. A ƙarƙashinsa akuyar Inna da ke tsakar gidansu ta yi kuka, a duka muryoyin biyu, lokaci guda. Can baƙon ya yi gyaran murya.

Mansur ya zare abin ji daga kunnensa a hankali.

A bayan bango, a ɗakin Kabiru, Kawu Sha'aban ya sake yin irin wannan gyaran muryar.