Distiributar Jirgin Baffa

Yanzu idan injin jirgin ruwa ya lalace a Gummi, waya ake bugawa Gusau, kafin yamma kayan gyara sun iso. A Kwatano da Khartum ma na ga makanikai suna jefar da abin da a zamaninmu za a yi wata ana lallaɓawa.

Ina ɗan shekara tara, mahaifina yana tuƙa jirgin yayansa Baffa, wanda aka ɗora wa tsohon injin mota. Da damina ta zo, sai aka tarar distiributa, abin nan da ke rarraba wuta ga fulogi, ta yi tsatsa ta cije. Kwana uku Baba yana ɗiga mata kananzir, yana ƙwanƙwasa ta a hankali da guntun itace.

Da ya tafi sallar la'asar, na ɗauki guduma don in taimaka. Bugu ɗaya ta juya, ta kuma tsage gida biyu.

Baba ya dawo, ya kama hannuna ya sansana, ya ji warin kananzir, ya sake shi. Sai ga Baffa.

"Wa ya hwasa ta?"

"Ni na hwasa ta, Yaya," in ji Baba. "Hannuna ya yi nauyi."

Na bi Baba da kallo. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ga ƙasar sujada a goshinsa ba ta ma kakkaɓe ba.

Baffa ya ba wani mutum tuƙin jirgin. Baba ya koma noma, bai sake tuƙi ba har ya rasu.