Jikar Mozel

Shafi'u ya zo shagon shayin da ke unguwar Sentul da niyyar neman auren Suraya, 'yar Maleshiya da suke karatu tare. Kafin ya fara, ta shiga ba shi labarin littafin yaran da take rubutawa, kan wata yarinya Bayahudiya da ta tashi a Penang, ta kamu da son ɗan maƙwabtansu Musulmi.

Ya yi dariya. "Ki rasa labarin wa za ki rubuta sai na waɗannan? Ai ba su da amana."

Suraya ta ajiye kofinta a hankali. "Kakata ce. Ita ta raine ni."

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. A bakin mutane ya tsinci maganar, bai taɓa ganin Bayahude ko ɗaya ba.

"Ka ce akwai maganar da ta kawo ka," ta ce.

"Ba yau ba, ban cancanta ba tukuna." Ya kasa ɗago ido. "Ya sunan kakar taki?"

Ta ɗauki jakarta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar ta ajiye.

"Mozel. Da tana raye, da yanzu ta tambaye ka ko ka ci abinci."