Garke Na Tara

Fanta ta sa hannu a takardar ba tare da ko ɗar ba. Garke na tara ya kamu da ciwon huhu, a yanka duka.

Ɗalibar likitan dabbobi ce, kuma ita aka ba jagorancin tawagar bincike. A wajen horo an koya musu sa wa garke lamba maimakon suna, don kada tausayi ya ɓata aiki. Shekarar ga annoba, ga tsadar hatsi. Amma shanun noman babanta biyu ita ta gwada su, lafiyarsu lau.

Da la'asar ta isa gida, ta tarar da turke wayam.

"Baba, ina shanun?"

Malam Garba ya rage murya. "An ce mutanenku za su dawo da wuƙa. Ban so in ɗaure miki hannu ba, shi ya sa na ɓoye su a garken Yuguda, makiyayin nan da ke can cikin daji. Wa zai duba can?"

Ta zaro takardar sunayen da aka miƙo mata bayan ta sa hannu. Lamba tara: Yuguda.

Motar mahauta kuwa tun azahar ta tashi zuwa garken.