Cikon Kyauta

Kwana uku Sa'ade, 'yar shekara huɗu, ba ta iya tauna ko tuwo ba, sai uwarta Lantana ta kai ta asibitin haƙori. Likita ya duba, ya ce haƙora biyu sun ruɓe.

"Ciko iri biyu ne yanzu, Maman Sa'ade. Na kuɗi dubu ɗari huɗu. Na kyauta kuwa kamfanin alewa ke biya, amma duk sa'ad da ta yi dariya, haƙoran za su rera tallarsu."

"Su lalata mata haƙora, sannan su kama hayar bakinta?" in ji Lantana. "Har yaushe?"

"Har ta yi famfara."

Lantana ta miƙe za ta fita, amma jarin ƙosanta bai kai rabin kuɗin ba, ga kumatun yarinya a kumbure. Ta dangwala yatsa a takardar cikon kyauta tana huci.

A hanyar gida akuya ta fizge alayyafon mai kayan miya, Sa'ade ta tuntsire da dariya. Waƙa ta fito, mutane suka waiwayo. Yarinyar ta toshe baki da hannu biyu, har gida ba ta sauke su ba.